Batsari, Safana da Maraɗi: Ƙawancen da Ya Rage a Rubuta

Tasawa, tsohon garin Hausa da ke gabas da Maraɗi, yana da abokin ƙawance a Faransa, wani gari kusa da birnin Faris mai suna Conflans-Sainte-Honorine. Dogon Dutsi ya ƙulla irin wannan da garin Orsay, shi ma a Faransa. Wagadugu ta riga su, don tun 1967 ta haɗa hannu da Loudun, Bamako kuma ta bi sahu da Angers a 1974, shekarar da Legas ta zama 'yar'uwar Atlanta ta Amurka. A wannan jeri ba a jin sunan Batsari, ba a jin na Safana. Duk wanda ya san halin da yammacin Katsina ya shiga a 'yan shekarun nan zai ce ai ba abin mamaki ba ne. Wane magajin gari ne zai taso daga Turai ya zo kallon wasan gargajiya a bakin Dajin Rugu?

Tambayar tana da nauyi, sai dai an ɗora ta a kan zaton cewa baƙuwar al'ada sai a ƙetaren teku. In hanya lafiya, mutumin da ya bar Batsari da hantsi, ya bi ta Jibiya, ya ƙetare a Magama, zai yi sallar azahar a Ɗan Isa. A can kuɗi sefa ne, tuta daban ce, takardar ofis da Faransanci ake rubuta ta, jandarma ne ke tsare hanya, yaro kuma lakwal yake zuwa. Ƙasar waje ce cikakkiya. Amma mai shayin da zai zuba masa ruwan zafi Bakatsine ne, mai yiwuwa ma kakarsa 'yar ƙasar Ruma ce, wato yankin Batsari. Irin wannan maƙwabci, wanda yake baƙo kuma ɗan'uwa a lokaci guda, garuruwa da yawa a duniya nemansa suke yi ba su samu ba. Batsari da Safana suna da shi a bakin ƙofa, ba su taɓa zama sun ƙulla komai da shi a rubuce ba.

Yaƙi ne ya haifi abin

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mata 830 na birnin Coventry a Ingila, wanda jiragen Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai, sun ɗinka sunayensu a jikin wani ƙyallen tebur aka kai wa mutanen Stalingrad, waɗanda su ma aka rusa musu gari. A 1950 garin Montbéliard na Faransa da Ludwigsburg na Jamus suka ƙulla zumunci, shekara biyar kacal bayan samarinsu sun daina harbin juna. Amurka ta shigo a 1956, lokacin da Shugaba Eisenhower ya kira taro a fadarsa a kan ra'ayin cewa kada a bar zaman lafiya a hannun jakadu kaɗai, a bar talakawa su san juna.

Tsarin ba shi da wuya. Hukumomin garuruwa biyu su sa hannu a takarda, kowane gari ya kafa kwamiti na mutanen gari, a riƙa kai ziyara bi da bi. Baƙi a gidajen mutane ake sauke su, su ci abin da masu gida ke ci. A ware mako guda na kiɗa da abinci da baje kolin sana'a, 'yan makaranta su riƙa rubuta wa juna wasiƙa, malamai da ma'aikatan asibiti su je su ga yadda takwarorinsu ke aiki. Daga baya, musamman tsakanin Turai da Afirka, aka shigo da haƙa rijiya da gina aji.

A nan ne kuma abin ya karkace. Da zarar gari ɗaya ya zama mai bayarwa, ɗayan mai karɓa, zumunci ya koma agaji. Baturen Orsay yana iya zuwa Dogon Dutsi duk lokacin da ya ga dama, manomin Dogon Dutsi kuwa sai ya sha wahalar biza kafin ya rama ziyara, galibi ma shugabanni ne ke tafiya. Da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, Faransa ta dakatar da tallafinta, irin waɗannan alaƙoƙi suka shiga tsaka mai wuya. Abin da ya fi ɗorewa a tarihin ƙawancen garuruwa shi ne wanda aka fara da shi: maƙwabta biyu masu kusan ƙarfi ɗaya, waɗanda suka taɓa zubar da jinin juna, suka ga cewa ba inda ɗaya zai ƙaura ya bar ɗaya. Wannan kuwa labarin Ruma da Maraɗi ne.

Abin da ke ƙarƙashin Rugu

A 1807 mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje, suka karɓe Birnin Katsina. Sarki Magajin Haladu ya yi arewa, ya rasu a Ɗankama. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗankasawa, suka yi zaman hijira a ƙasar Damagaram, wajen 1819 suka kafa sabuwar fada a Maraɗi. Har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar Maraɗi, kuma a fadarsa akwai Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, manyan sarautun nan huɗu da kowa ya sani a fadar Katsina. Gida ɗaya ne ya rabe biyu, kowane ɓangare yana ganin shi ne mai gaskiya, aka kwashe kusan shekara ɗari ana gwabzawa.

Ƙasar Ruma, wato inda Batsari take a yau har zuwa sassan Safana, ita ce ta zama turbar dawakin ɓangarorin biyu. Masana tarihin Katsina, ciki har da marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a littafinsa kan Katsina daga 1400 zuwa 1883, sun kawo labarin boren da ya tashi a wannan yanki a zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, lokacin da garuruwa da dama suka mara wa Ɗan Mari na Maraɗi baya. An murƙushe boren, aka tarwatsa garuruwan, mutane suka watse, gonaki suka koma kurmi. Shi kansa Siddiƙu da aka tuɓe shi a 1844, arewa ya nufa, wurin waɗanda ya yaƙa. Bayan haka ga hare-haren Ɗan Baskore na Maraɗi, ga na Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin, ga kuma jarumai irin su Ɗanwaire da Rumawa ke tinƙaho da su har yau.

Wannan tarihi ya kamata kowane ɗan sakandare a Batsari da Runka da Wagini ya san shi, domin yana faɗa masa abu mai amfani: wani ɓangare na dajin da ake tsoro yau, gari ne a da. Rashin tsaro ne ya cinye shi, zaman lafiya kuma ya dawo da mutane suka sake sara suka gina. Abin da ya faru sau ɗaya yana iya sake faruwa ta kowace fuska.

Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da na Faransa, O'Shee da Tilho, suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Daga ranar, jikokin mutum ɗaya suka zama talakawan dauloli biyu. Ingila ta bar wa sarakuna kotu da baitulmali da 'yan doka. Faransa ta rage musu ƙarfi, ta ɗora kwamanda a kansu, ta matsa da haraji da aikin tilas, har mutane da yawa suka riƙa tsallakowa kudu suna kafa ƙauyuka. Wani masani Ba'amurke, William Miles, ya zauna a ƙauyuka biyu masu kallon juna a iyakar Daura, 'Yardaje da Yekuwa, ya fitar da littafi a 1994 kan yadda Hausawa iri ɗaya suka zama iri biyu a tunani da mu'amala da hukuma. Abin da ya gani a can, shi ne a tsakanin Ruma da Madarumfa ta jihar Maraɗi.

Me za a je a gani?

Wani zai ce, to in Hausa ce can, Hausa ce nan, ina baƙuwar al'adar? Amsar tana filin kokawa. Mu a nan kokawa wasan kaka ce, ta dandalin ƙauye, mai unguwa ya ba da goro, a tashi. Nijar ta mai da ita wasan ƙasa. Tun 1975 ake gasar Takobi, wadda aka fara a Tawa, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin, shi ya sa filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Jihohi takwas na ƙasar suna karɓar baƙunci bi da bi, kowace da filinta ginanne, ga alƙalai, ga dokoki rubutattu, ga rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye. Kwanakin gasar, kasuwa kan yi sanyi saboda kowa kunnensa na kan rediyo. Saurayin Safana da ya ga wannan da idonsa zai dawo da wata tambaya a ransa: ashe abin da muke ɗauka wasan ƙauye yana iya zama abin da minista zai zauna a rana ya kalla?

Akwai kuma fadar kanta. Saboda jihadi bai ci Maraɗi ba, wasu tsare-tsaren tsohuwar Katsina sun rayu a can bayan sun shuɗe a nan, kamar sarautar Iya, wadda mace ce ke riƙe da ita da iko na gaske a fada, kamar yadda Inna take a fadar Gobir a Tsibiri, 'yan kilomitoci kaɗan daga Maraɗi. Ba a ce kowa ya ɗauki abin da addininsa bai yarda da shi ba, kuma Maraɗin yau gari ne na malamai da makarantun Islamiyya. Amma mai son ya san yadda kakanninsa suka tsara mulki kafin 1807, can zai je ya gani a raye. Su kuma Katsinawan Maraɗi, Hasumiyar Gobarau da kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ganuwar birni duk a wannan gefen suke. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin gadon ɗan'uwansa.

Wasan barkwanci na tsakanin ƙabilu ma haka. Muna da shi, amma mun bar shi a tasha da wurin ɗaurin aure. Nijar ta ɗauke shi a matsayin makamin sulhu, gwamnati ta ware masa lokaci na musamman a shekara, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, Bakatsine da Bagobiri, kowa ya san wanda zai zaga a yi dariya, ya kuma san haramun ne ya cuce shi. A yankin da amana ta karye tsakanin manomi da makiyayi har ɗaya ba ya shiga kasuwar ɗaya, ganin mutane suna tsokanar juna a bainar jama'a ana tafawa ba ƙaramin darasi ba ne.

Itace da burtali

Abin da ya fi ƙona mini rai a wannan zance ba kiɗa ba ne, gona ce. A farkon shekarun 1980, ƙasar Maraɗi ta kusa zama fako. An sha dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya da ke zaune a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwa ne masu rai, da saiwarsu a ƙasa. Maimakon a share gona ƙal, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a sassabe sauran, a bar su su tashi. Ba kuɗin iri, ba ban ruwa, wuƙa ce kawai da haƙuri. Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana ce musu masu ƙazamar gona. Bayan yunwar 1984 abin ya fara bazuwa daga manomi zuwa manomi, ya ƙara ƙarfi da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun 2000 ya kiyasta cewa an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200.

Manomin Batsari ya san gawo, ya san yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya san dabba na cin 'ya'yansa da rani. Abin da bai gani ba shi ne ƙasa guda da ta dawo da shi gona-gona da hannun talaka. Duniya na turo manoma daga wasu ƙasashe su zo su kalli wannan aiki, mu da ke da tafiyar rabin yini ba mu je ba. A nan kuwa gatari da gawayi sun ci gefen Rugu har ta kai a 2021 gwamnatin Katsina ta hana motocin itace fitowa daga daji, duk da dai dalilin tsaro ne ya sa. Da za a cika mota biyu da manoman Ruma da Zakka da Babban Duhu, a kai su gonakin Maraɗi bayan girbi, su kwana uku a gidajen takwarorinsu, babu taron bita a otal ɗin Katsina da zai yi rabin amfaninsa.

Haka zancen makiyaya. Kada a ɗauka can aljanna ce. A watan Oktoban 1991, a ƙauyen Toda da ke jihar Maraɗi, an kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara, a kan rikicin gona da kiwo. Abin ya girgiza ƙasar. A 1993 Nijar ta kafa dokar karkara wadda ta samar da kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda mai gari da wakilin manoma da na makiyaya da na mata ke zama tare. Ana shata burtali a kafa masa turakun siminti, ana rubuta cinikin gona da jinginarta, kuma kowace shekara hukuma na sanar da ranar da za a saki gonaki dabbobi su shiga. A 2010 aka ƙara da dokar da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Tsarin yana da ɓaraka, masu kuɗi na cin burtali a can ma, kuma rikici bai ƙare ba. Duk da haka akwai wurin da za a kai ƙara kafin a zaro adda. Masu unguwanni da arɗo-arɗon Safana sun cancanci su zauna a irin wannan zama su ga yadda ake yi.

Su ma ba hannu rabbana za su zo mana ba. Rogon Batsari ya yi suna, kasuwarta ta ranar Alhamis ta daɗe tana ciyar da garuruwa har ƙetaren iyaka, kuma manomin Jiratawa ta Maraɗi mai noman zogale da ban ruwa yana da abin tambaya a wurin mai rogo, kamar yadda mai rogo ke da abin tambaya a wurinsa. Almajiran Nijar sun daɗe suna cika tsangayun Katsina. Finafinan Kano da waƙoƙin Shata sun mamaye gidajen Maraɗi, kamar yadda muryar Mamman Gawo Filinge ta taɓa mamaye namu.

Sun riga sun buɗe mana ƙofa

Ba sai an tuna wa mutanen yankin abin da suka sha ba. A Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a dare ɗaya a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka rufe kasuwannin dabbobi. Wasan dare ya mutu, kalankuwa ta mutu, biki ya koma na rana tsaka a gaggauce. Akwai yaran da suka kai shekara goma ba su taɓa ganin dandali cike da hasken wata ba.

A cikin wannan hali, tun daga 2019, dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi. Kafin Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta iso ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, talakawan ƙauyuka ne suka buɗe rumbunansu da zaurukansu. Mutanen da su ma damina ɗaya ke raba su da yunwa suka raba tuwonsu biyu. Kuma wutar ba ta tsaya a iyaka ba. Dazuzzukan sun haɗe, daga Rugu har Baban Rafi na Nijar, ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji sun sha satar shanu da satar mutane irin tamu. Ciwo ɗaya ne. An taɓa tura tawaga daga Batsari ko Safana, ta dattawa da malamai da mata, ta je ta tsaya gaban waɗannan ƙauyuka ta ce mun gode? In ƙawancen zai fara da abu ɗaya, da wannan ya kamata ya fara.

Na sama sun yi nasu

A matakin gwamnatoci, takardu ba su yi kaɗan ba. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar mai hedikwata a Yamai. A tsakiyar shekarun 2000 aka fito da shirin Kano-Katsina-Maraɗi don sauƙaƙa cinikin hatsi da dabbobi. A 2019 gwamnonin Katsina da Zamfara da Sakkwato, Masari da Matawalle da Tambuwal, sun je Maraɗi sun zauna da Gwamna Zakari Umaru kan tsaro. A Fabrairun 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin titin jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi.

Amma duba yadda abin sama yake rawa. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, har da yanke wutar lantarki, Najeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Duk lokacin da Abuja da Yamai suka ɓata, mai rogon Batsari da mai akuyar Ɗan Isa ne ke biyan kuɗin, alhali ba a tambaye su ba. Da aka fara maganar tura sojoji Nijar a 2023, sarakuna da malamai da sanatocin Arewa ne suka taka birki, hujjarsu kuwa ita ce zumuncin nan na ƙasa-ƙasa. Ashe abin da ya hana yaƙi shi ne abin da ba shi da ofis, ba shi da kasafi, ba shi da ranar taro.

Uzurori uku

Za a ce hulɗa da ƙasar waje aikin gwamnatin tarayya ne, ƙaramar hukuma ba ta da hurumi. Gaskiya ne a kan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Amma Legas ba ta zama ƙasa ba kafin ta ƙulla da Atlanta, kuma ziyarar 'yan kokawa da manoma ba ta buƙatar majalisar dattawa, sanar da jami'an shige da fice da na tsaro ya wadatar. A gefen Nijar sojoji sun rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 suka naɗa masu riƙo, don haka hikima ita ce a ɗora abin a kan waɗanda ba sa sauka da sauyin gwamnati: fada, ƙungiyoyin kasuwa, makarantu, limamai.

Za a ce babu kuɗi. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma ko ba a kai ga wannan ba, kuɗin man mota biyu da buhun shinkafa da raguna bai kai abin da ake kashewa a taron siyasa ɗaya ba. Haɗarin gaske shi ne abin ya zama yawon kansiloli da alawus. Maganinsa a rubuta tun farko cewa yawancin 'yan tawaga manoma ne da makiyaya da mata masu sana'a da ɗalibai, kuma a gidajen mutane za a sauka.

Uzuri na uku shi ne mai ƙarfi: tsaro. Ba wanda zai ce a tara jama'a a Runka da dare don a burge baƙi. Sulhun da aka yi a wasu ƙananan hukumomin yankin a 2025 ya sa an ɗan numfasa, amma mutane na da dalilin yin taka-tsantsan. To a fara da rana, a fara da ƙarami, in ta kama a fara a Katsina ko Jibiya. Masu ɗauke da bindiga ba su taɓa jiran takardar gayyata ba kafin su tsallaka iyaka, sun san juna, sun san hanyoyi, suna da lambobin juna. Mutanen kirki na ɓangarorin biyu ne kaɗai ba su da wannan. Hakimin da ya san takwaransa na ƙetare ido da ido, ya ci abinci a gidansa, shi ne zai iya ɗaga waya cikin dare ya ce an koro shanu sun yi wajenku.

Abokan ƙawancen ma ba sai an yi nisa ba. Madarumfa, mai tafki da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta, ta dace da Batsari, ga Gulbin Maraɗi da ya ratso ta Jibiya ya haɗa ƙasashen da ruwa ɗaya. Gabi, da ke bakin dajin Baban Rafi, matsalarta da ta Safana kusan ɗaya ce. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, ɗalibansu na tarihi da aikin gona za su iya tattara labaran tsofaffi na ɓangarorin biyu kafin masu labarin su ƙare. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina tana da masana da kayan tarihi da za a ɗauka a kai a nuna.

Wannan kira ne ga Sarkin Ruma Hakimin Batsari, da Yariman Katsina Hakimin Safana, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu. Ranku ya daɗe, ku nemi izinin Mai Martaba Sarkin Katsina, ku rubuta wa fadar Maraɗi da hukumomin Madarumfa wasiƙa, ku sa rana bayan an kai amfanin gona gida. Tawagar farko ta tafi da godiya da rogo da 'yan kokawa, ta kuma gayyato su su rama ziyara kafin damina ta faɗi.